Agarar Wadda Ta Mutu, Gwiwar Wanda Ke Raye

Karatu: 1 Korantiyawa 12:12-26



Duk wanda ya bi hanya da yamma daga Bebeji zuwa Kiru, ko daga Tudun Wada zuwa Doguwa, zai ga samarinmu suna buga ƙwallo a filayen makaranta. Mun kuma san abin da yakan faru. Yaro ya juya da gudu, ya ji wani abu ya ce ƙas a gwiwarsa, ya faɗi. A kai shi wurin mai ɗori, a duba, ƙashi lafiya lau. Amma bayan kumburi ya saɓe, gwiwa ta riƙa gocewa. Sau da yawa jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke, ita kuwa ba ta cika haɗewa da kanta ba. Irin wannan rauni na asibitin ƙashi ne, kamar na Dala a Kano.

Likitoci sukan sa wata jijiya a madadinta. Galibi daga jikin yaron suke yankowa, domin ga matasa tasu ta fi riƙewa. Wani lokaci kuwa sukan yi amfani da ta mamaci wanda iyalinsa suka yarda a bayar. A gwada ta saboda cututtuka, a ajiye ta cikin ƙanƙara. Ranar aiki a huda ƙashin cinya da na ƙwauri, a zura ta, a ɗaure. Cikin watanni jikin mai rai yakan mamaye ta, har ta zama tasa.

Haka ya faru da Carson Palmer, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa da hannu. A watan Janairu 2006 gwiwarsa ta hagu ta lalace a tsakiyar wasa. Aka gyara ta da agarar wata mata mai shekara 44, wadda wani direba da ya bugu ya yi sanadin mutuwarta a 2004. A watan Satumba na 2006 ya koma fili, ya kuma ci gaba da wasa har 2017. Matar ba ta taɓa saninsa ba, amma da agararta ya yi gudu shekara 8.

'Yan'uwa, a karatunmu na yau Manzo Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, inda ciwon gaɓa ɗaya yake zama na duka. Mukan ji wannan mu ce misali ne kawai. Ga shi kuwa Allah ya yi jikinmu yadda abin da ke cikin wani zai iya tā da wani.

Wani zai ce, "Fasto, in aka cire mini agara, yaya zan tashi a ranar ƙarshe?" Mu manoma ne. Masarar da muka shuka takan ruɓe a ƙasa, ba wanda yake tono ta ya ƙirga ko ta cika. Bulus ya yi wannan koyarwa a sura 15 ta wannan wasiƙa. Wanda ya siffata mutum da turɓaya ba zai rasa agara ba.

Wani kuma zai ce wannan zancen ƙasar Turawa ne. A'a. Tun 2002 Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta yarda da bayarwa, ta hana sayarwa. Akwai ma kyautar da ke kusa da kowannenmu, wato jini. Yaron da za a yi wa aiki, ko wanda ya yi hatsari a hanyar Falgore yana dawowa daga wasa, jini ake fara nemar masa. Sau nawa muka cika ƙofar asibiti da gaisuwa, amma da aka ce ana neman jini muka watse ɗaya bayan ɗaya?

Babban mutum yana da jini kusan lita 5. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yakan mayar da shi cikin makonni. Namiji mai lafiya, daga shekara 18, zai iya bayarwa kowane wata 3. Mu da muke shaida cewa da jinin Almasihu aka fanshe mu, bai kamata a roƙe mu sau biyu ba. Kada mu tambayi ƙabila ko addinin mai bukata, gama Basamariyen nan bai tambaya ba.

Saboda haka, dattawa da zumuntar matasa, a rubuta sunayen masu niyya a kowace ikilisiya, a je a gwada rukunin jinin kowa tun ranar bukata ba ta zo ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka warkar da 'ya'yanmu da suka ji rauni, ka ba likitoci hikima, ka ta'azantar da iyalan da suka bayar cikin hawaye, ka kawar mana da tsoro. Cikin sunan Yesu. Amin.