Ɗan Gari Ya Dawo Jana'iza: Nazari A Kan Littafin The Dry



Kwamitin shirya wannan zama ya nemi mu ce wani abu a kan karatu, sai muka zaɓi littafi guda daga ƙasar Ostireliya, mai suna The Dry, wato Fari. Jane Harper, wadda a lokacin 'yar jarida ce a birnin Melbourne, ita ta rubuta shi. Ya fito a shekarar 2016, ya ci lambar Gold Dagger ta marubuta labarun binciken laifi a Ingila a 2017. Muna neman afuwar waɗanda ba su karanta ba, domin sai mun buɗe ƙarshen labarin kafin maganarmu ta zauna.

Kiewarra ƙaramin gari ne na manoma da makiyayan tumaki, marubuciyar ce ta ƙaga shi. Shekara biyu ke nan ba a ga ruwan kirki ba, kogin garin ya ƙafe, bashi ya yi wa kowa katutu. Cikin wannan hali aka tarar da gawar wani manomi, Luke Hadler, da ta matarsa Karen, da ta ɗansu Billy, duk an harbe su. Jaririyarsu kaɗai aka bari. Mutanen gari ba su ɓata lokaci ba, suka yanke cewa ƙuncin fari ne ya sa Luke ya hallaka iyalinsa ya kashe kansa.

Abokinsa na ƙuruciya, Aaron Falk, ɗan sandan tarayya ne a Melbourne, aikinsa bin sawun kuɗin da aka karkatar. Rabonsa da gida shekara 20, kuma ba da son ransa ya bar shi ba. Lokacin suna matasa an tsinci gawar ƙawarsu Ellie Deacon a kogi, aka kuma ga sunan gidansu Falk a wata takarda da ta rubuta. Luke ya shirya musu ƙarya, cewa suna tare suna harbin zomaye a ranar. Duk da haka tsangwama ta kori Aaron da mahaifinsa daga garin. Yanzu mahaifin Luke ne ya aika masa cewa ya san da ƙaryar nan, lallai ya zo jana'iza.

Jama'a, a nan ne littafin ya taɓa mu mazauna birni. Aaron ya zo da niyyar kwana ɗaya ya koma. Gari bai manta da shi ba, amma abin da gari ya riƙe game da shi, shi ne abin da ya faru yana ɗan shekara 16. Muƙaminsa da iliminsa ba su goge masa komai ba. Iyayen mamacin kuwa ilimin nasa suke so, suka ce ya duba musu takardun gona ko za a wanke ɗansu. Ga shi ɗan gida in za a mori saninsa, baƙo in zai yi tambaya. Wanda ya taɓa komawa mahaifarsa da wata shawara ya san wannan kujerar.

Shi da sajen garin, Greg Raco, suka lura da ƙananan abubuwa. Misali, harsashin da aka yi kisan da shi ba irin wanda Luke ke ajiyewa ba ne. Sannan suka sami wata 'yar takarda da Karen ta rubuta kalmar Grant a kai, tare da lambar wayar Aaron. To akwai Grant Dow a garin, ɗan'uwan marigayiya Ellie, mutum mai faɗa, mai kwaɗayin gonar Luke. Nan da nan zargi ya koma kansa, domin tsohuwar gaba ta riga ta share masa hanya.

Ashe a Turanci kalmar nan tana nufin kuɗin tallafi ma. Karen tana aikin lissafi a makarantar firamare ta garin, ta gano cewa dala 50,000 da wata gidauniya ta bai wa makarantar ba su shiga inda ya kamata ba. Hedimasta Scott Whitlam, baƙo mai fara'a wanda ba ya cikin kowace rigimar gari, shi ya kwashe su saboda bashin caca. Shi ya kashe mutum uku don kada asirinsa ya tonu. Lambar Aaron da Karen ta rubuta kuwa, masanin harkar kuɗi take nema.

A ganinmu wannan ita ce gwanintar littafin. Gari duka, har da mai binciken, idonsu yana kan tsohon miki, ba wanda ya tambayi inda kuɗin makaranta suka shiga sai mace guda, ita ma ba ta sami wanda za ta faɗa wa da wuri ba. Muna da ƙorafi dai: marubuciyar ta sa caca ta ɗauki nauyin kisan da ya fi ƙarfinta, kuma ba mu gamsu ƙwarai da saurin da mutum ya tashi daga sata zuwa harbin yaro ba.

Amanar abota ma ba ta fito da haske ba. Ƙaryar Luke ta kare Aaron, amma ta kare Luke ɗin ma, domin shi kansa yana da abin ɓoyewa game da inda yake a ranar. Shekara 20 kowannensu yana ɗauke da shakkar ɗan'uwansa, ba wanda ya tambaya, har ƙasa ta rufe ɗaya. Sai a ƙarshe Aaron ya tarar da jakar Ellie a wata maɓoya da suka sani tun yarinta. Abin da ta rubuta ya nuna mahaifinta, Mal Deacon, yana cutar da ita, tana shirin guduwa, kuma shi ne ajalinta. Wannan mutumin shi ya ja gaba wajen korar Aaron da mahaifinsa. Lokacin da gaskiyar ta fito, tsufa ya riga ya fara cinye masa hankali.