Minti goma sha biyar a gaban masana

An ce in yi magana kan yadda mai bincike ke gabatar da aikinsa a taron masana, abin da muke kira kolok. Bari in fara da kunyar da na sha.

Karo na farko da aka ba ni dama, na zo da diyapo talatin da biyu, an kuma ba ni minti goma sha biyar. Na juya wa mutane baya ina karanta bango. Ina tsakiyar bayanin hanyar da na bi, sai shugaban zama ya ɗaga takarda: saura minti biyu. Wallahi har na sauka ban faɗi abin da na gano ba. Wata shida ina yawo a ƙauyuka, mata sun bar daka sun amsa mini tambayoyi, amma maganarsu ba ta kai kunnen kowa ba. Wannan ya fi kunyar zafi.

To, jawabin baki shi kowa ke nema, shi ne kuma ya fi ka da mutum. Shawarata: fara da sakamako. Idan aikinka kan sassaben zamani ne a karkarar Maradi, faɗi tun jimlar farko abin da barin kututturan itace su tofo ya canza a gonar manomi, daga baya ka kawo yadda ka auna. Diyapo goma sun isa. Ka gwada da agogo a gaban abokin da ba fanninku ɗaya ba. Kuma ka riƙe takarda a hannu, don kuran na iya ɗaukewa.

Hanya ta biyu ita ce fosta, babbar takarda A0, wajen santimita 84 da 119. Ɗalibai na raina ta, wai ta waɗanda aka hana jawabi ce. Ni ban yarda ba. A jawabi tambaya biyu za a yi maka a tashi. A gaban fosta kuwa malami daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko mai bincike na INRAN zai iya tsayawa ku yi rabin awa, ya nuna maka inda lissafinka ya karkace, ku karɓi lambar juna. Sharaɗi ɗaya: kar ka kwafe memuwar ɗinka a kai. Taswira, hoto, jadawali guda, rubutun da ake gani daga nesa.

Akwai zaman tattaunawa na mutum huɗu ko biyar, wannan sai an gayyace ka. Akwai shiga ta intanet, ga wanda biza ko kuɗin jirgi suka tare.

Wadda ta fi burge ni ita ce gasar minti uku. Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara ta a 2008, masu Faransanci suka ɗauka a Kebek a 2012. Diyapo ɗaya tak, daƙiƙa 180, masu sauraro ba ƴan fanninka ba.

Nan nake da ƙorafi. Muna tattara bayanai da Hausa, mu gabatar da Faransanci a Yamai, waɗanda suka ba mu bayanan ba su taɓa jin sakamakon ba. Ni dai na koma ɗaya daga ƙauyukan nan, na yi minti ukuna da Hausa a ƙofar mai gari. Wata tsohuwa ta gyara mini sunan wata ciyawa da na rubuta ba daidai ba har sau huɗu a memuwar.