Suna Linzami Ne: Jawabi Kan Sauya Sunan Fayil a Kwamfutar Makaranta



Mun gode da aka ba mu wannan dama. Batun da muka zo da shi ƙarami ne a ido, amma ya taɓa hana mu barci a makarantarmu, kuma muna fatan kada ya hana wani.

Hausawa sun ce suna linzami ne. A kwamfuta maganar ta fi tabbata, domin fayil ba shi da fuska, da sunansa kaɗai ake kamo shi. A ƙarshen zango na uku da ya wuce, mun tara makin ajujuwa 12 a folda guda, kowane aji da fayil ɗinsa. Muka so gyara sunan guda ɗaya, ba mu lura duk sha biyun suna zaɓe ba. Muka danna F2, muka rubuta “Sakamako”. Nan take kwamfuta ta raɗa musu suna ɗaya, ta bi su da lamba 1 zuwa 12 cikin baka. Ba mu ankara ba sai da aka ɗauke wuta. Washegari ana jiran takardu a ofishin ilimi, mu kuwa muna buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya muna neman sunayen yara don mu gane ajin. Da mun yi gaggawa, da an ƙara wa wani yaro aji da makin wani. Abin takaici, da mun danna Ctrl da Z a lokacin, da sunayen sun koma yadda suke.

Daga ranar muka zauna muka bi diddigin abin da ke sa sauya suna ya ƙi, ko a tagar da Word da Notepad ke buɗewa don zaɓen fayil, ko a jerin folda da ke gefen manhaja irin Notepad++. Ga abin da muka samu.

Na farko, fayil ɗin da ke buɗe. Idan takarda tana buɗe a Word ko Excel, Windows ba zai yarda a sauya mata suna ba. Wani lokaci tagar samfoti da ke gefe ita ce ke riƙe da ita. A rufe takardar, a rufe samfotin, a sake gwadawa.

Na biyu, alamomin da aka haramta. Guda tara ne: \ / : * ? " < > |. Wadda ta fi kama mu malamai ita ce ta kwanan wata, don mun saba rubuta 12/07/2024 a allo. A kwamfuta wannan layi mai karkata yana nufin shiga wata folda. Mafita ita ce a rubuta 2024-07-12, shekara a gaba, wanda kuma yake sa fayiloli su jeru bisa tsarin lokaci. Haka nan akwai sunaye da aka keɓe tun zamanin DOS, kamar CON, PRN, AUX da NUL.

Na uku, wutsiyar suna, wato .docx ko .xlsx ko .txt da ke ƙarshe. Ita ke gaya wa kwamfuta da wace manhaja za a buɗe takarda. Windows kan ɓoye ta, amma wasu manhajoji suna nuna ta, kuma idan aka goge ta wajen gyara, sai takardar ta zama fara fat ta ƙi buɗuwa. Kada hankali ya tashi, makin yana nan. A mayar da wutsiyar kawai.

Na huɗu, manya da ƙananan haruffa. A wurin Windows, “Aji5A” da “aji5a” abu ɗaya ne. Wanda ya sa wa sabon fayil sunan da ya yi kama da na tsoho za a tambaye shi ko a maye gurbi, kuma “e” ɗaya cikin sauri tana shafe aikin zango guda.

Na biyar ya shafi harshenmu. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna zama lafiya a sunan fayil a Windows na yau, amma tsofaffin manhajoji, da wasu masu ƙunshe fayiloli a zip, sukan mayar da su alamar tambaya ko wani shirme. Ba mu ce a bar ƙugiya ba, mu ne masu koyar da ita. A cikin takarda a rubuta Hausa da ƙa’idarta, a sunan fayil da za a aika wa wani a sauƙaƙa.

Na shida, tsawo. Idan aka haɗa sunayen foldoji da na fayil suka kai haruffa 260, manhajoji da yawa sukan cije. A gajarta suna, a rage folda cikin folda.

Akwai kuma ruɗin ido. Wani lokaci suna ya sauya, amma jerin bai sabunta ba, sai a danna F5. Jerin takardun da aka buɗe kwanan nan shi ma yana riƙe da tsohon suna, shi ya sa yake cewa ba a sami fayil ba, alhali yana nan.

Ya ’yan uwa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. An ɗora mana aikin kwamfuta ba tare da horo ba, kuma idan maki ya ɓace, malami ake tuhuma. Saboda haka muna roƙon reshe abu biyu: a shirya mana bita ta yini guda kafin jarrabawa mai zuwa, kuma a amince da tsarin suna ɗaya ga makarantunmu, shekara, zango, aji, darasi. Kafin nan, kowa ya kwafi foldarsa a filashi kafin ya taɓa suna. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa albarka a aikinmu, ya shirya mana yaranmu.