Amanar da Muka Damƙa wa Rumbun Intanet

Da yawa daga mutanenmu na Bebeji da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, sun tattara hotunan ɗaurin aure da na suna, da tafsirin malamansu na watan azumi, sun damƙa su amana ga rumbun Google da ke intanet, alhali kuwa gigabait 15 kacal kamfanin ke bayarwa kyauta, kuma tun daga Disambar 2023 ya halatta wa kansa share duk asusun da ya shekara biyu ba a waiwaye shi ba. Wanda wayarsa ta salwanta a hanyar Falgore, layinsa ya tafi tare da ita, kalmar sirri kuwa yaron shagon da ya buɗe masa asusun ne kaɗai ya sani, wanda wannan gafala ce bayyananniya, to, sai dai ya yi istirja'i.

Saboda haka, ranar da Allah Ya kai ku inda sabis ke da ƙarfi, ku sauke abin da kuke ƙauna, ku zuba a memori biyu, ku rubuta kalmar sirrin a takarda, ku adana ta tare da takardun gona.