Ƙwaƙwalwar Mota da Ajiyar Laifin Inji



Abin da nake so mu duba a yau shi ne wata 'yar fitila mai siffar inji, wadda kan kama a gaban direba, hankalinsa ya tashi. Mai kunna ta ita ce kwamfutar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Aikinta shi ne sauraren rahoton ƙananan na'urori masu auna zafi da iska da hayaƙi da gudun inji.

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka bin tsari guda mai suna OBD-II, Turai kuma ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. A wannan tsari kowane laifi yana da lambarsa, wato harafi ɗaya da alƙaluma 4. Harafin P na inji ne da giya. P0301 kuwa ma'anarta silinda ta farko ba ta cin wuta daidai.

To, ƙwaƙwalwar nan ba ta yanke hukunci da gaggawa. A yawancin laifuffuka, in ta gani sau ɗaya sai ta ajiye a matsayin zargi. In ya sake aukuwa a tafiya ta biyu, sannan ta tabbatar, ta kunna fitila. Tana kuma rubuta halin da injin yake ciki sa'ad da abin ya faru. In an gyara, aka yi tafiya 3 a jere lafiya lau, sai ta kashe fitilar da kanta, amma lambar ba ta goguwa sai injin ya yi zafi ya huce sau 40.

Makanike yana iya goge lambar nan take da na'urarsa, wadda ake jonawa a wata kafa mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari. A motoci da dama cire kan batir ma ya isa. Sai dai laifin yana nan inda yake, shaidarsa kawai aka kawar.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin akasarinmu motocin da aka yi amfani da su a ƙetare muke saye. Dillali yana iya kashe fitila da safe, ya sayar da yamma. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gogewar takan share har da sakamakon gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwar ke yi wa inji, na'ura kuma za ta nuna ba a kammala su ba. Bugu da ƙari, motocin Amurka daga wajen 2010 suna da lamba mai ɗorewa, wadda na'ura ko cire batir ba sa goge ta.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, sa makaniken da ka yarda da shi ya jona na'ura. In gwaje-gwajen ba su cika ba, ka tambayi dalili.