Idan Manhaja Ta Yi Tuntuɓe, Wa Za Mu Gaya Wa?



A zangon da ya wuce na buga tambayoyin jarrabawar Hausa da wata manhaja ta kyauta. Da takarda ta fito, sai na tarar ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma 'yan akwatuna. Ƙasa daban, kasa daban, kuma ƙugiya ɗaya tana iya kayar da ɗalibi. Na bi su da biro na gyara, na yi shiru. Wannan shirun nake so mu daina.

Manhajoji irin su LibreOffice da Firefox a buɗe suke, kowa na iya duba cikinsu ya gyara, amma masu kula da su ba za su gyara abin da ba a kai musu ba. Wurin kai ƙorafin, Bugzilla, da Turanci yake. Sai an yi rajista, sai an faɗi lambar sigar manhajar. Malamin da aji ya cika masa hannu yaushe zai zauna wannan?

Ina roƙon reshe ya ware malami ɗaya a kowace makaranta. Wanda matsala ta samu ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar da waya, ya faɗa masa da Hausa abin da ya danna, abin da ya yi tsammani, da abin da ya fito. Sauran aikin mu nemi ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil su mayar da shi Turanci su aika.