Kayan da Tsofaffinmu Suka Bari

 Maganarmu ta yau a kan ɗakin tsohuwa ce da akwatin tsoho. Mu da muke aikin ikkilisiya mun sha kashe rigimar da ba a kan gona ko shanu ta tashi ba, sai a kan tasoshi da zannuwan da ke cikin adaka. An gama zaman makoki lafiya, sai ɗa ya zo daga birni da hutun kwana uku, ya ce duk tarkace ne, ya tara ya cinna wuta. Har shekara goma ƙannensa mata ba za su manta ba.

Saboda haka kada mutum ɗaya ya buɗe ɗakin shi kaɗai. A sa rana, a kira 'ya'ya maza da mata, da dattijo ɗaya na ikkilisiya ya zama shaida. In gwauruwa tana da rai, ɗakinta ne, ba mai taɓa ko ludayi sai da yardarta.

A fara da takardu, domin su gara take fara ci. Takardar gona, ta fansho, ta aure, katin baftisma, duk a ware su a leda. Tsofaffinmu sukan ɓoye irin waɗannan a cikin Littafi Mai Tsarki, don haka a buɗe shi shafi shafi. Sau da yawa a bangonsa na ciki ne aka rubuta ranakun haihuwar 'ya'ya, ba kuwa wani wuri da za a same su. In tsohuwar fassarar nan ce da ta fara fitowa a 1932, a adana ta ko ta yage. Kwabo mai huda da sulallan da aka daina karɓa bayan zuwan naira a 1973 ba sa sayen komai, amma jikoki za su so gani.

Tsofaffin magunguna da kwalaben maganin feshi kam a kawar da su nesa da yara da rijiya.

Ga inda muke so ku saurara da kyau. Gidajenmu da yawa a gauraye suke. In kun tarar da Alƙur'ani ko allo ko carbi na kaka Musulmi, ku miƙa wa 'yan'uwansa Musulmi cikin ladabi, kada a ƙona, kada a yar. In layu ne da guraye, wataƙila na zamanin da bai ba da gaskiya ba tukuna, ba abin kai wa kasuwa a yi shela ba ne. Ku kira fasto da dattawa, a yi addu'a, a kawar da su a asirce, a bar wa mamaci mutuncinsa.

Tufafin da suka ragu kuwa, bayan kowa ya ɗauki na tunawa, a wanke a ba Zumuntar Mata. Su suka san gidajen da ake bukata kafin sanyin hunturu ya shigo.